Babi na Bakwai: Mutanen da Suka Rubuta Wahalarsu, Suka Rubuta Laifinsu

A shekarar 1673 wasu dattawa da suka saba zama kowace Litinin da safe a birnin Landan suka yanke wata shawara ta 'yan layuka kaɗan. Suka ce duk littafin da wani nasu ya wallafa, a nemo kwafi biyu a adana. Duk wanda abokan gaba suka wallafa don sukar su kuma, tun daga farkon al'amarin, a nemo kwafi ɗaya a haɗa. Dalilinsu shi ne, idan wani ya murɗe maganarsu gobe, su san inda za su ɗauko asalin su buɗe masa. Daga nan laburaren Kwekawa ya samo tushe. Yau yana cikin hedikwatarsu da ke titin Euston, daura da babbar tashar jirgin ƙasa, kuma ya haura shekara 350 ana ƙara masa kaya.

Mai karatu na iya cewa bai taɓa jin sunan Kwekawa ba, amma da wuya a ce bai taɓa ganin dattijon nan mai baƙar malafa da farin gashi a jikin gwangwanin Quaker Oats ba. Wannan kamfani ba shi da alaƙa da su, sunan kawai ya ara saboda an san su da gaskiya a ciniki. Cadbury mai Bournvita da bankin Barclays kuwa Kwekawa ne suka kafa su. Su dai wata ɗariƙa ce ta Kirista da ta yi ƙarfi a arewacin Ingila daga 1652, lokacin da ƙasar ke fitowa daga yaƙin basasa, an fille kan sarki, kowa na tambayar ina hanyar gaskiya take. Jagoransu George Fox ɗan masaƙi ne da ya yi koyon ɗinkin takalma. Abin da ya zo da shi shi ne Allah na magana da zuciyar kowane mutum kai tsaye, saboda haka ba a buƙatar limamin coci mai albashi ya tsaya a tsakani. Suna kiran junansu Abokai. Sukan taru su yi shiru, wanda aka ba abin faɗa ya miƙe ya faɗa, namiji ko mace. Ba sa rantsuwa ko a gaban alƙali, domin a wurinsu mai rantsuwa ya amsa ke nan cewa sauran maganarsa ba abar dogaro ba ce. Ba sa cire hula don girmama kowa. Ba sa biyan ushirin da doka ta ɗora wa jama'a don ciyar da limaman Cocin Ingila.

Kusan kowanne daga cikin waɗannan na iya kai mutum kurkuku, kuma ya kai. An ɗaure Fox sau takwas. A watan Janairun 1661, bayan wata 'yar tarzoma da wata ƙungiya dabam ta tayar a Landan, an kwashe Kwekawa fiye da 4,000 cikin 'yan makonni. Dokar 1662 ta ambaci sunansu ƙarara, dokokin 1664 da 1670 suka haramta taron ibadar da ba na cocin gwamnati ba. Ta 1670 ma har lada ta yanka wa mai kai tsegumi, kashi ɗaya cikin uku na tarar da aka ci mutum, sai gulma ta zama sana'a. Ɗaruruwa sun mutu a tsare kafin a sassauta a 1689. A Boston, can tsallaken teku, an rataye mutum huɗu, ciki har da mace, Mary Dyer, wadda aka rataye a 1660.

Mutanen da suka haramta wa kansu takobi, ba su kuma da kowa a fada, me ya rage musu? Alƙalami. Aka umarci kowane gari ya rubuta duk abin da aka yi wa ɗan uwa, ya aika Landan. A can wani magatakarda mai suna Ellis Hookes, wanda ya riƙe aikin har mutuwarsa a 1681, yake kwafe rahotannin cikin manyan kundaye, gunduma bayan gunduma. Su ake kira Manyan Littattafan Wahala. Sun kai juzu'i 44, ba a kuma rufe su ba sai 1856, domin ko bayan an daina ɗauri an ci gaba da ƙwace dukiyar waɗanda suka ƙi biyan ushiri.

Wanda ya buɗe ɗaya daga cikinsu yana tsammanin kuka da Allah ya isa zai sha mamaki, don abin ya fi kama da littafin bashi na ɗan kasuwa. Sunan mutum, garinsa, shekara. Laifin da aka ce ya yi. Nawa aka nema a wurinsa, fam kaza, sule kaza, kwabo kaza. Sa'an nan abin da aka kwashe: saniya, tumaki, damin hatsi a gona, kwanonin kuza, tukunyar tagulla, wani lokaci har shimfiɗar gado. A ƙarshe a rubuta kimar kayan, wadda sau da yawa ta ninka abin da aka nema. Ana sa sunan alƙalin da ya ba da izini, da ɗan dokan da ya shiga gidan, da magulmacin da ya kai rahoto. Sun tsaya kan lissafi ne da gangan. Majalisar da suka kafa a 1675 don kula da masu wahala tana ɗaukar waɗannan alƙaluma ta kai gaban alƙalai da 'yan majalisa da sarki kansa, kuma sun san cewa ƙari guda ɗaya da aka kama zai zubar da darajar sauran duka. Don haka aka dage a tabbatar da kowane labari kafin a shigar da shi. A 1753 Joseph Besse ya tace kundayen ya fitar da juzu'i biyu manya da suka tattara abin da ya faru daga 1650 zuwa 1689. Masu tarihi a yau suna haƙo abubuwan da marubutan ba su yi niyya ba sam: farashin saniya a wata gunduma, kayan ɗakin talaka, sana'o'in da ake yi a ƙauye.

Tilas ɗin da ta haifi Littattafan Wahala ita ta haifi rajistarsu. A Ingila ta lokacin, shaidar an haife ka, ka yi aure, ka mutu, duk tana cikin littafin cocin unguwa. Wanda ya juya wa cocin baya ya fita daga lissafi, gobe a wayi gari wani dangi ya ce auren iyayenka ba aure ba ne, gado bai hau kanka ba. An yi irin wannan shari'a a Nottingham a 1661, kotu ta tabbatar da auren Kwekawa, amma sun ɗauki darasi. Tun da babu limamin da zai ɗaura, sai suka mai da kowa shaida. Ango da amarya su miƙe cikin taro, su riƙe hannun juna, kowanne ya furta alkawarinsa. A kawo babbar takarda a rubuta abin da suka faɗa, su sa hannu, sa'an nan duk wanda yake wurin ya sa nasa. Takardar auren Fox kansa da Margaret Fell a Bristol a 1669 tana ɗauke da sunaye fiye da 90. Kafin a kai nan ma sai masu niyyar sun bayyana gaban taron maza da na mata, an naɗa masu bincike su gano ko akwai wani alkawari a wani wuri, ko iyaye sun yarda, in bazawara ce kuma ko an tsare haƙƙin marayunta. Duk wannan yana rubuce. Har dokar aure ta 1753, wadda ta tilasta wa kowa aure a cocin gwamnati, ta keɓe Kwekawa da Yahudawa. Da gwamnati ta nemi a miƙa mata tsofaffin rajistoci a 1840, Kwekawa suka zauna suka kwafe abin da ke ciki bisa jerin baƙaƙe kafin su saki na asalin, waɗanda yanzu suke taskar takardun ƙasa da ke Kew.

Akwai tarko ɗaya da ke kama sabon mai bincike. Kwekawa sun ƙi sunayen ranaku da watanni saboda yawancinsu daga gumakan dā aka samo su, sai suke cewa rana ta ɗaya, wata na uku. To kafin 1752 shekarar Ingila daga Maris take farawa. Wata na goma a 1740 Disamba ne, wata na goma a 1760 kuwa Oktoba. Mutane da yawa sun sa wa kakanninsu ranar haihuwar da ba tasu ba ta wannan hanya.

Kashin bayan taskar shi ne kundin taro. Daga 1667 Fox ya zaga ƙasa yana kafa tsari: taron wata-wata a gunduma, na bayan wata uku a sama da shi, na shekara a ƙoli. Ba a kaɗa ƙuri'a. Magatakarda ya saurara, ya rubuta abin da yake ganin taron ya tsaya a kai, ya karanta musu nan take, in sun amince ya zauna. Abin da ke ciki rayuwa ce tsirararta: wa za a ba kuɗin gawayi da hunturu, wane maraya za a kai koyon sana'a, wa aka gani a buge a kasuwa, wa ya ci bashi ya kasa biya, wace yarinya ta je limami ya ɗaura mata aure da bare. Mai laifi ya rubuto takardar tuba a karanta a bainar jama'a, in ya ƙi a rubuta cewa an sallame shi. Mai ƙaura kuma ya tafi da takardar shaidar hali zuwa sabon garinsa, wanda ya sa ana iya bin sawun iyali ɗaya daga ƙauyen Ingila zuwa Fensilbaniya, daga can zuwa Karolina, har Indiyana. Wani mawaƙin opera ɗan Amurka, William Wade Hinshaw, ya kashe dukiyarsa wajen tsamo irin waɗannan bayanai, aka buga su juzu'i shida tsakanin 1936 da 1950.

Daga 1671 mata suka samu nasu taron, da nasu magatakarda, da nasu asusu. Samun rubutun hannun matan karkara na wancan ƙarni suna gudanar da al'amuransu da kansu abu ne mai wuya a ko'ina cikin Turai, amma a nan ga shi kundi bayan kundi. Sarah Fell, 'yar Margaret, ta yi magatakardar mata a yankinsu, ta kuma bar littafin kashe kuɗin gidansu na 1673 zuwa 1678: ladan masu yankan ciyawa, kuɗin sabulu, rancen da aka ba maƙwabta. Ana ba da labarin cewa a shagon wani mai kayan masarufi a Lancaster aka ceto shi, yana yagar shafukan yana ƙunshe wa masu saye kaya, kamar yadda mai ƙosai ke yi da tsohuwar jarida. Uwarta kuwa gidanta, Swarthmoor, shi ne tamkar gidan wayar ɗariƙar a shekarun farko. Masu wa'azi daga ko'ina suna rubuto mata, tana ajiyewa. Wasiƙu wajen 1,400 suka taru, Fox ya bi da yawa daga cikinsu yana rubuta sunan mai aikowa da shekara a baya. Da aka sayar da gidan a 1759 sai suka watse cikin dangi, aka daɗe ana tattaro su kafin su haɗu a Landan.

Kada dai a ɗauka cewa wanda ya ajiye komai ya nuna komai. Dattawan nan na safiyar Litinin da suka kafa laburaren, su ne kuma masu tace duk abin da za a buga da sunan ɗariƙar. Suna da dalili. A 1656 James Nayler, wanda a lokacin wasu ke ganin ya kai Fox daraja, ya shiga Bristol a kan doki, mabiyansa na shimfiɗa tufafi a gabansa, kwaikwayon shigar Annabi Isa birnin Ƙudus. Majalisar dokoki ta yi masa shari'a, aka yi masa bulala, aka huda harshensa da jan ƙarfe, aka yi masa lalas a goshi. Tun daga nan manyan Kwekawa suke gudun duk abin da zai sa a ce musu mahaukata.

Wannan tsoro ya taɓa littafin tarihin rayuwar Fox kansa. Fox bai iya rubutu sosai ba, shifta ya yi wa Thomas Lower, mijin 'yar matarsa, wajen 1675. Bayan ya mutu a 1691 aka damƙa takardun ga Thomas Ellwood, mutum mai ilimi wanda ya taɓa yi wa makahon mawaƙi John Milton karatu. Ellwood ya goge kaushin harshen, ya rage wasu wuraren da Fox ke bugun ƙirji ko yake ba da labarin azabar da ta auka wa maƙiyansa, aka buga a 1694. Fiye da shekara 200 wannan Fox mai ladabi duniya ta sani. Sai a 1911 Norman Penney, mai kula da laburaren, ya buga rubutun hannun yadda yake, harafi da harafi, aka ga mutumin da kaifinsa. Abin da ya ba da damar haka shi ne ba su ƙona asalin ba. Sun gyara abin da suka fitar, sun ajiye abin da suka gyara.

Ba kowane abu ne ya yi wannan sa'a ba. Fox ya bar wasiyya a buga wani littafi na warkarwar da ya ce an yi ta hannunsa. Ba a buga ba, rubutun ma ya ɓace. Amma tsakanin 1694 da 1697 wani ya yi wa takardun Fox fihirisa, yana rubuta kalmomin farko da na ƙarshe na kowane labari. Da waɗannan guntaye Henry Cadbury, malamin jami'ar Harvard, ya bi sauran takardu yana daidaitawa, har a 1948 ya fitar da kwarangwal ɗin littafin, labarai fiye da 150. Wasu ya gano cikakkensu a wani wuri, wasu kuwa sunan mara lafiya da rabin jimla kawai suka rage.

Akwai wani lungu na taskar da zai ja hankalin mai karatu Musulmi. A 1658 Mary Fisher, wadda aikatau take yi a wani gida a Yorkshire kafin ta shiga wa'azi, ta kai kanta har sansanin Sarkin Daular Usmaniyya Mehmed na Huɗu a Edirne. Shekara biyu kafin nan Kiristocin Boston sun tsare ta sun ƙona littattafanta. Sarkin kuwa ya karɓe ta da girmamawa ya saurare ta, wasiƙar da ta rubuta bayan ta dawo kuma tana yabon mutanen da ta gani. A 1680, lokacin da 'yan fashin teku suka kama wasu Kwekawa matuƙa jirgi aka bautar da su a Aljes, Fox ya rubuta wa mahukuntan wurin doguwar takarda. Ya samo fassarar Alƙur'ani ta Ingilishi da aka buga a 1649, ya yi ta jawo ayoyi yana nuna musu cewa azabtar da kamammu ya saɓa wa littafinsu. A Landan kuma aka buɗe asusun fansa, ana rubuta abin da aka tara.

Sun san zafin bauta ke nan in ta faɗo kan nasu. Amma Fox ɗin nan ya je Barbados a 1671, ya tarar da Kwekawa masu gonakin rake da bayi 'yan Afirka, abin da ya ce musu bai wuce su kyautata musu, su koya musu addini, su 'yanta su bayan wasu shekaru ba. William Penn, wanda ya kafa Fensilbaniya a matsayin mafakar masu neman 'yancin addini, yana da bayi a gidan gonarsa. A nan ne taskar da aka gina don ta yi ƙarar wasu ta fara ba da shaida a kan masu ita.

Babbar shaidar falle ɗaya ce, an rubuta ta gaba da baya, tawadar ta koɗe ta koma ruwan ƙasa. Kwanan watan da ke jiki 18 ga wata na biyu, 1688, wato Afrilu. Mutum huɗu suka sa hannu a Germantown, wani sabon ƙauye kusa da Filadelfiya: Francis Daniel Pastorius, lauya Bajamushe, da Garret Hendericks, da 'yan uwa biyu, Derick da Abraham op den Graeff. Baƙi ne, Ingilishinsu ma da gargada. Suka fara da abin da kowa a wurin ya sani, wato fargabar da ke kama fasinja a teku in an hango baƙon jirgi, kada ya zama na Turkawa a kama su a sayar. Suka tambaya: to abin da muke yi wa baƙaƙen fata da me ya fi wannan? Suka ce ya ma fi muni ga mai kiran kansa Kirista. Suka kawo raba miji da mata, da sayar da 'ya'ya, da abin da mutanen Holan da Jamus za su ce in suka ji yadda Kwekawa ke mu'amala da mutane kamar dabbobi. Sa'an nan suka jefa tambayar da ba ta da daɗin amsawa ga masu ƙin yaƙi: in bayin nan suka haɗa kai suka tashi neman 'yancinsu, iyayen gijinsu za su zare takobi ne?

Abin da ya fi jikin takardar daɗin karatu shi ne abin da aka ƙara a ƙasanta. Taron wata ya duba ta a ƙarshen Afrilu, magatakarda ya rubuta a jikinta cewa maganar ta yi nauyi, ba su ga ya dace su taɓa ta a nan ba, a kai gaba. Taron bayan wata uku ya zauna a Filadelfiya a watan Yuni, wani hannun ya ƙara cewa ta fi ƙarfinsu, a kai taron shekara. Taron shekara ya zauna a Burlington a watan Satumba, ya shigar a kundinsa cewa bai dace a yanke hukunci ba tun da abin ya shafi wurare da yawa. Shi ke nan, aka jingine. A ganina babu wata takarda da ta nuna yadda mutanen kirki ke kauce wa gaskiya kamar wannan, domin babu wanda ya ce masu ƙorafin sun yi kuskure. Kowa dai ya miƙa wa na sama da shi, ya kuma rubuta cewa ya miƙa.

Takardar ta kwanta cikin tarkace shekara 156. A 1844 wani mai sha'awar tsofaffin takardu, Nathan Kite, ya tsinto ta aka buga a mujallar Kwekawa, daidai lokacin da rigimar bauta ke tafasa a Amurka. Daga baya ta sake ɓata, sai a 2005 aka gano ta a ɗakin ajiyar gidan taronsu na titin Arch a Filadelfiya. An gyara ta, yanzu tana laburaren kwalejin Haverford.

Dalilin da ya sa takardun Kwekawan Filadelfiya suka rabu tsakanin kwalejin Haverford da ta Swarthmore shi ma labarin rigima ne. A 1827 Kwekawan Filadelfiya suka dare biyu kan koyarwar wani manomi mai wa'azi, Elias Hicks. Kowane ɓangare ya ce shi ne na asali, ya sallami ɗayan, aka yi ta ja-in-ja kan gidajen taro da asusun makarantu da kundaye, har gaban kotu. Ɓangare ɗaya ya kafa Haverford a 1833, ɗayan ya kafa Swarthmore a 1864, ya buɗe mata laburaren tarihi a 1871. Sun shirya a 1955, amma takardun sun riga sun rabu, mai bin tarihin gari ɗaya sau da yawa sai ya leƙa wuraren biyu.

Daga 1688 zuwa ranar da taron Filadelfiya ya haramta wa 'ya'yansa mallakar bayi, a 1776, shekara 88 ne, kuma ana iya bin tafiyar shafi bayan shafi. A ciki akwai John Woolman, wanda aikinsa ma rubuta takardu ne. Yana saurayi a shagon wani a Mount Holly, ubangidansa ya sa shi rubuta takardar cinikin wata baiwa. Ya rubuta, abin ya tsaya masa a rai, daga baya ya riƙa ƙin rubuta wasiyyar da za a gadar da mutum a cikinta. Shi ma da aka zo buga tarihin rayuwarsa a 1774, kwamiti ya rage wasu mafarkansa, sai da aka koma rubutun hannunsa aka dawo da su. A 1758 taron shekara ya hana saye da sayar da bayi, ya naɗa Woolman da wasu su bi gida gida. Abin da wannan zagaye da waɗanda suka biyo baya suka haifar shi ne ɗaruruwan takardun 'yantarwa, waɗanda Haverford ta ɗora a intanet. A mafi yawansu, abin da aka rubuta game da wanda aka 'yanta bai wuce sunansa na farko da shekarunsa da ranar da zai fita ba. Mutanen da suka iya rubuta kimar tukunyar da aka ƙwace musu har kwabo, iyakar abin da suka adana ke nan game da waɗanda suka yi musu bauta shekara da shekaru. Kuma 'yantarwa ba ta zama daidaito ba: sai 1796 aka amince launin fata ba zai hana mutum zama ɗan ɗariƙa ba, bayan haka ma malama Sarah Mapps Douglass ta rubuta yadda ake keɓe wa baƙaƙe benci a bayan ɗakin taro.

Ta hanyar maganar bauta ce ma Hausa ta shiga cikin takardun Kwekawa. Hannah Kilham, wata malama daga Sheffield, ta je Saliyo ta zauna da bayin da aka ƙwato daga jiragen fatake, domin tana ganin ya kamata a koyar da yara da harshen uwarsu. A 1828 ta buga jerin kalmomi na harsuna 30 da ta tarar ana yi a can, Hausa na ciki.

Saura Benjamin Lay, wanda kundayen suka fi yawan ambata da ɓacin rai. Gajere ne ƙwarai, bai fi ƙafa huɗu da kaɗan ba, ga doro. Ya yi aikin jirgin ruwa, ya zauna a Barbados ya ga abin da ake yi wa bayi da idonsa, bai kuma sake yin shiru ba. A taron shekara na 1738 a Burlington ya shigo da takobi a ɓoye cikin riga, da littafin da ya rarake cikinsa ya cusa mafitsarar dabba cike da jan ruwan 'ya'yan itace. Ya miƙe ya yi wa masu bayi kashedi, ya soke littafin, jan ruwan ya fantsama kan na kusa da shi. Aka ɗauke shi cak aka fitar. A shekarar ce Benjamin Franklin ya buga masa littafinsa na sukar masu bayi, dattawa suka sa sanarwa a jarida cewa ba da yawunsu ba. Taruka huɗu suka sallame shi a rayuwarsa, biyu a Ingila, biyu a Amurka. Ya rayu har ya ji hukuncin 1758, ya mutu a farkon 1759.

Da waɗannan kundaye na waɗanda suka kore shi masanin tarihi Marcus Rediker ya sake gina rayuwarsa a littafin da ya fitar a 2017. A shekarar, taron Abington, inda aka binne Lay, ya zauna kan maganarsa, haka ma magadan taron Landan da ya fara sallamarsa, sauran suka biyo baya a 2018. Ba su koma tsohon kundi sun kankare komai ba, hukuncin korar yana nan inda magatakardan wancan zamani ya rubuta shi. Sabon bayani suka rubuta cewa Lay ne ke kan gaskiya, aka karanta wa taro, aka amince, aka sa kwanan wata, aka shigar a kundin wannan shekarar.